Suna Da Amana: Jarin Masu Sana'ar Hidima A Kafanchan Da Kudancin Kaduna

KAFANCHAN, Jihar Kaduna — A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai biyu waɗanda ake sa ran za su sauya fasalin tattalin arzikin kudancin Jihar Kaduna. Na farko shi ne mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia ta zama jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace, na biyu kuwa shi ne ɗaga darajar babban asibitin Kafanchan zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Ga mai nazarin tattalin arziki, abin da wannan ke nufi shi ne ƙarin malamai da ɗalibai da likitoci da majinyata, waɗanda da yawansu baƙi ne a yankin, kuma kowane ɗayansu zai buƙaci ɗakin haya, da abinci, da ɗinki, da aski, da motar haya, da mai gyara masa waya ko janareta. Kuɗi dai za su shigo. Abin da ya rage wa masu sana'a na yankin shi ne su san dalilin da zai sa baƙo ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya bar ɗaya.

Batun ya wuce Kafanchan. Binciken haɗin gwiwa na Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Masana'antu, wato SMEDAN, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a shekarar 2020 akwai ƙananan sana'o'i da matsakaita kimanin miliyan 39.6 a Nijeriya, bayan sun kai kimanin miliyan 41.5 a 2017. Mafi rinjayensu na mutum ɗaya ne da yaransa, ba su da ginin kansu, ba su da kadarar da banki zai karɓa jingina. Abin da irin waɗannan suka mallaka bayan kayan aikinsu shi ne sunan da jama'a suka san su da shi.

Bambancin Kaya Da Hidima

Mai sayen doya a kasuwar Kafanchan yana iya ɗaga ta, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, sannan ya taya. Mai sayen atamfa yana iya shafa ta ya ji ƙwarinta. Amma wanda ya kai wa tela yadin bikin 'yarsa, ko ya bar motarsa a garejin bakanike, ya riga ya miƙa dukiyarsa kafin ya ga aikin. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan bambanci. A shekarar 1970 Phillip Nelson ya raba haja gida biyu: wadda ake iya tantance ingancinta kafin a saya, da wadda sai an yi amfani da ita ake sanin ingancinta. Shekaru uku bayan haka, Michael Darby da Edi Karni suka ƙara kashi na uku, wato wadda ko bayan an biya an tafi, mai saye ba zai taɓa tabbatar da ko an yi masa daidai ba.

A kashi na ukun nan ne sana'o'in hidima da dama suke. Idan bakanike ya ce famfon mai ya mutu sai an sa sabo, mai mota ba shi da hanyar sanin ko gyara kawai famfon ke buƙata, ko kuma wanda aka sa masa ɗin sabo ne ko tsoho da aka wanke. Idan mai kemis ya haɗa wa mutum magunguna huɗu ya sha ya warke, ba zai san ko ɗaya ma ya isa ba. Haka iyayen da suka sa yaro a makarantar kuɗi, sai bayan shekaru, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, suke sanin abin da suka saya.

A cikin wannan shekara ta 1970 kuma George Akerlof, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2001, ya bayyana abin da kan faru ga kasuwa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Ya kafa misali da kasuwar tsofaffin motoci a Amurka. Da yake mai saye ba ya iya bambance mota mai lafiya da mai ɓoyayyen ciwo, sai ya taya dukansu da farashi mai rauni. Mai mota mai lafiya ya ga farashin bai biya shi ba ya janye, kasuwa ta koma hannun masu ruɓaɓɓun motoci. Duk wanda ya san garejin gyaran mota a garuruwanmu ya san wannan ciwo. Bakanike mai gaskiya ya faɗi kuɗin aiki da na kayan gyara na asali, maƙwabcinsa ya karya farashi ya sa jabu, mai mota kuma ya bi araha. In aka jima a haka, mai gaskiya ko dai ya bi sahu ko ya rufe gareji. Suna mai kyau shi ne maganin da kasuwa ta ƙirƙiro wa wannan cuta, domin shi ne ke ba mai saye dalilin biyan ƙarin kuɗi ga wanda ya tabbata ba zai cuce shi ba.

Garin Da Baƙi Suka Gina

Kafanchan ta san darajar wannan jari tun kafuwarta ta zamani. A shekarar 1927 layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da reshen da ya nufi Jos da wanda ya nufi Kaduna, sai ƙauyen Fantswam ya wayi gari ya zama mahaɗar jiragen ƙasa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka kwararo, Inyamurai da Yarbawa da Hausawa da mutanen Bajju, Ham, Atyap da Kagoro, har aka mayar da hedkwatar masarautar Jema'a garin a farkon shekarun 1930. Matafiyin da jirgi ya sauke da dare bai san kowa ba, saboda haka masaukin baƙi da gidan abinci da ɗan dako duk sun rayu ne a kan abin da matafiyi ya faɗa wa matafiyi a cikin tarago.

Fataken Hausawa kuwa sun daɗe da tsarinsu na warware wannan matsala, wato tsarin fatoma ko maigida. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda maigida ke saukar da falken shanu ko na goro, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar da kaya bashi. Babu takardar yarjejeniya, babu kotu. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne, maigidan da ya ci amanar falke ɗaya labarinsa zai riga shi isa Arewa, kuma daga ranar babu mai sauka gidansa. Darasin shi ne, suna yana aiki ne a inda labari ke yawo, a inda kuma mai cin amana ke da abin da zai rasa.

Harkar jirgin ƙasa ta ja baya tun daga shekarun 1980, ciniki ya koma kan titi, wato hanyar Kwoi zuwa Keffi da Abuja, da ta Kagoro zuwa Jos, da ta Kachia zuwa Kaduna. Garin ya dogara yanzu ga ma'aikatan gwamnati, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na makarantar koyon aikin jinya, sai kuma amfanin gona na ƙauyukan kewaye.

Kuɗin Da Rikici Ke Ci

Babu yadda za a yi maganar amana a kasuwannin kudancin Kaduna a tsallake rikice-rikicen da yankin ya sha. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda takaddama kan sauya matsugunin kasuwa ce ta kunna shi. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta cinye babbar kasuwar Kafanchan, an yi asarar rayuka da dukiya, kuma bayan ƙura ta lafa jama'a da dama suka sauya unguwa da wurin ciniki bisa ga addini ko ƙabila.

Asarar da aka ƙidaya ita ce ta shaguna da kaya. Akwai wadda ba ta shiga lissafi ba. Telan da a dā rabin masu kawo masa ɗinki daga ɗaya ɓangaren gari suke, kasuwarsa ta ragu ko da allurarsa ba ta ƙone ba. Mai motar da ya daina kai ta wurin ƙwararren bakanike don garejin yana unguwar da yake tsoron shiga, ya koma wurin wanda bai kai shi iyawa ba, shi ma ya yi asara. Idan mutane suka koma auna mai sana'a da sunan wurin ibadarsa maimakon aikin hannunsa, gasa takan yi rauni a kowane ɓangare, farashi ya hau, inganci ya sauka, domin kowa ya san nasa ba su da wurin zuwa sai wurinsa.

Duk da haka, sana'ar hidima na cikin abubuwan da suka fi saurin ɗinke ɓaraka. Hausa ita ce harshen ciniki a tsakanin ƙabilun yankin, kuma mai ciwon haƙori ko mai motar da ta mutu a hanya ba ya tsayawa dogon bincike. Mai sana'ar da ya ɗauki yaran koyo daga ɓangarori biyu, ya kuma riƙe farashi ɗaya ga kowa, ya faɗaɗa kasuwarsa, tun da kowane yaro yana jawo masa danginsa da unguwarsu.

Citta Da Takardun Naira

Tattalin arzikin Jaba da Kachia da Kagarko da Jema'a yana tafiya ne da kakar citta, wadda yankin ya fi kowane sashe na Nijeriya nomawa. Idan an haƙo ta, an tsaga, an shanya, an kai kasuwar Kwoi ko ta Kachia, kuɗin kan bi ta hannun mai motar ɗaukar kaya, da mai sito, da birkila, da kafinta, da mai makaranta. Manomi kan yi gyaran babur ko ɗinkin yara bashi da damina bisa alkawarin biya da kaka. Wannan bashi ba shi da takarda, amana ce tsantsa ta ɓangarori biyu.

A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta ta halaka mafi yawan amfanin shekarar. Manoma suka kasa biyan bashi, masu sana'ar da suka dogara gare su suka shiga matsi, ga kuma cire tallafin man fetur da aka yi a ranar 29 ga watan Mayu na wannan shekara, wanda ya ɗaga kuɗin mota da na janareta. A irin wannan hali ne ake gina suna ko a rusa shi. Mai sana'ar da ya ɗaga wa manomi ƙafa zuwa wata kaka ya ɗauki nauyi na gaske, amma ya sayi abokin ciniki na shekaru da kuɗin da bai kai na talla ba.

Farkon wannan shekara ta 2023 kuma ya kawo wata jarrabawar. Sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a faɗin ƙasa, masu sana'ar POS suka zama su ne bankin talaka. Wasu suka tsawwala kuɗin cirewa har abin ya zama abin magana a jaridu, wasu kuwa suka yi sassauci ga mutanensu. Da takardun kuɗi suka dawo, rumfunan POS suka yawaita a kowane lungu, mai cire kuɗi ya sami zaɓi, kuma bai manta wanda ya matsa masa ba.

Lissafin a bayyane yake. A ɗauka, alal misali, bakanike yana samun ribar Naira 5,000 duk lokacin da wani mai mota ya zo, kuma mai motar na zuwa sau shida a shekara. Ribar shekara ta kama Naira 30,000, ta shekara biyar kuwa Naira 150,000, ban da abokan da zai turo. Idan bakaniken ya sa masa jabun kaya don ya ci Naira 15,000 a rana ɗaya, aka gano, ya sayar da dubu 150 a kan dubu 15. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abubuwan Da Ke Gina Suna

Na farko shi ne cika alkawarin lokaci. Bikin Afan na Kagoro ana yin sa ranar 1 ga watan Janairu, Tuk Ham na Kwoi a wajajen Ista, ga Kirsimeti ga sallah ƙarama da babba. Kowane tela ya san ranakun nan tun farkon shekara. Wanda ya karɓi ɗinki arba'in alhali talatin zai iya gamawa, ya ci kuɗin goma, ya kuma sami mutum goma masu ɓata shi a gidan biki. Wanda ya ce wa na talatin da ɗaya aiki ya yi masa yawa, ya rasa ciniki ɗaya, amma shi za a fara nema baɗi.

Na biyu shi ne bayyana farashi kafin a taɓa aiki, tare da raba kuɗin hannu da kuɗin kaya. Allon farashi a shagon aski ko wurin wankin mota yana kwantar wa baƙo hankali cewa ba za a duba takalminsa a yanka masa kuɗi ba. Rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar waya da kwanan wata ba ya cin kuɗi mai yawa a wurin bugawa, ga shi kuma hujja ce a hannun mai saye, talla ce a aljihunsa. Bakaniken da ke mayar wa mai mota tsohon ƙarfen da ya cire ya rage zargi da rabi.

Na uku shi ne garanti. Mai gyaran waya ko mai sa wutar sola da ya ce in abin ya sake lalacewa cikin wata ɗaya a dawo kyauta, ya ɗora wa kansa hukuncin aikin ganganci. Algungumi ba zai iya kwaikwayon wannan ba, domin zai karye. Shi ya sa masana ke ɗaukar garanti a matsayin alama mai ƙarfi, fiye da kowane kirari da za a rubuta a allo.

Na huɗu shi ne tsayawa a kan suna ɗaya. Shagon da allonsa ke ɗauke da suna, rasit ɗinsa wani, asusun da ake tura masa kuɗi kuma sunan ƙanen mai shago, ya rarraba amanar da ya kamata ta taru wuri guda. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta tanadi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, kuma ana iya yin ta ta intanet. Da takardar ne ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, da ita kuma ake neman kwangila a jami'a ko asibiti. A 2024 hukumar ta wajabta wa masu POS yin wannan rajista. Sai dai a lura, rajistar suna daban take da rajistar tambari. Ta biyun ana yin ta ne a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, tana aiki shekara bakwai da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara goma sha huɗu. Gidan abinci ko kamfanin sufuri da ke da burin buɗe reshe a Zonkwa ko Kachia ya kamata ya yi tunanin wannan tun kafin wani ya riga shi.

Wayar hannu ta ƙara wa duk waɗannan nauyi. Abin da a dā matafiyi ke faɗa a tarago, yau ana faɗinsa a zaurukan WhatsApp na coci da masallaci da ƙungiyoyin gari, waɗanda suka haɗa na gida da 'yan uwansu mazauna Abuja da Legas da ƙasashen waje. Waɗannan na nesa su ne ke turo kuɗin gini da na makaranta da na asibiti, kuma babban abin da ke damunsu shi ne wanda za su damƙa wa aiki ba sa nan. Birkilan da ke aika hoton aiki da lissafin buhunan siminti kowane mako ya kama wata kasuwa da ba ta da rumfa a Kafanchan.

Darasin Sunan Nok

Yankin yana da suna ɗaya da duniya ta sani. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba, a shekarun 1940 kuma Bernard Fagg ya gane cewa irin waɗannan kayayyaki na wata tsohuwar al'umma ce, ya laƙaba mata sunan ƙauyen. Binciken masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, wanda aka fara a 2005, ya kai farkon wannan al'umma zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. An baje kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa a shekarar 2000. Amma ribar wannan suna ta fi zuwa aljihun masu fasa-ƙwaurin kayan tarihi da dillalan Turai, domin sunan ya yi tafiya ya bar hidimar a baya. Baƙon da ya zo ganin Nok, ko duwatsun Kagoro, ko magangarar ruwa ta Matsirga, yana buƙatar masauki mai tsabta, da direba mai zuwa a kan lokaci, da ɗan jagora mai sanin tarihi. In bai samu ba, zai kwana a Jos ko Abuja, kuɗinsa su kwana tare da shi.

Wannan ya nuna cewa sunan gari dukiya ce ta tarayya, kuma mutum ɗaya na iya ɓata ta ga kowa. A nan ƙungiyoyin masu sana'a ke da aiki. Ƙungiyar teloli ko ta makanikai ko ta direbobi da ta tsaya ga karɓar kuɗin wata da tsayar da farashi kawai ta yi rabin aikinta. Sauran rabin shi ne ta buɗe ƙofar karɓar ƙorafi, ta sa mamba ya biya diyyar yadin da ya ɓata, ta kuma cire tambarinta daga shagon wanda ya ƙi. Wannan shi ne aikin fatoma a sabuwar riga.

Hukumomi ma suna da nasu rabo. Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye da Tabbatar da Gasa ta Tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa a madadin majalisar da aka kafa a 1992, tana da ikon sauraron kokensu, amma kaɗan ne daga mazauna karkara suka san hanyar kai mata. Ƙananan hukumomin yankin da masarautu za su iya cike wannan giɓi ta hanyar zama da ƙungiyoyin sana'a, da tabbatar da sikeli da mudu na gaskiya a kasuwanni, da kuma kawo jami'an rajista kusa da jama'a. Su kuma sababbin cibiyoyin tarayya na Kachia da Kafanchan, idan suka ware wani kaso na ƙananan ayyukansu, kamar wanki da abinci da gyaran motoci, ga masu rajista na yankin, kuma suka biya a kan lokaci, za su ba mai sana'a dalilin tsayawa a kan ƙa'ida.

Ɗalibai da ma'aikatan da ke shigowa yankin za su kafa al'adar cinikinsu ne cikin watanninsu na farko, kuma wanda suka saba da shi da wuya su bar shi. Mai sana'ar da ya shirya allonsa da rasit ɗinsa da rajistarsa tun yanzu shi zai fara cin wannan kasuwa. Wanda ya yi jinkiri zai tarar da cewa masu jari daga Kaduna da Abuja sun riga sun buɗe reshe a bakin ƙofar jami'a.